WA YA KARANTA MAKA WANNAN TAKARDA?

Assalamu alaikum iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena, manoma da makiyaya da masu sana'ar hannu. Allah ya sa kuna lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Kafin mu shiga magana, ina roƙon wanda yake karanta wa jama'a wannan takarda ya ɗan dakata. A kirawo yaro ɗaya daga cikin yaran da ke kusa, wanda yake aji biyar ko aji shida na firamare. A miƙa masa takardar, a ce ya karanta gaisuwar nan ta sama. Hausa ce, harshen da ya sha a nono, ba Turanci ba. In ya karanta tiryan-tiryan, to, alhamdu lillahi, ku sa wa malaminsa albarka. In kuwa ya tsaya yana kame-kame yana sunkuyar da kai, kada wanda ya dake shi, kada wanda ya yi masa dariya. Shekara biyar yana sammako yana tafiya makaranta, an rasa shi a gona, an rasa shi wajen kiwo, ga shi kuma bai samo abin da aka aike shi nema ba. Tambayar da ta kawo wannan takarda ita ce: laifin wane ne, kuma me ƙuri'arku za ta iya yi a kai?

Ni da nake rubuta wannan, alli na riƙe kafin in shiga aikin jam'iyya. Shekara huɗu na yi ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye. Ajina yara sun haura tasa'in, alhali kuwa tsarin ilmi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya ga yara 35. Benci shida gare mu, sauran a ƙasa suke zama. Da damina in hadari ya taso sai mu tashi yara, don iska ta kwashe rabin kwanon rufin. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

YADDA AKA FARO

Dattawanmu ba su manta da shekarar 1976 ba, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga shi wajen miliyan 3 sun bayyana. Ba azuzuwa, ba malamai. Aka shiga horon malamai cikin gaggawa, aka zuba yara a gindin bishiyoyi. Da kuɗin man fetur suka ja baya a farkon shekarun 1980, sai albashin malamai ya riƙa tsayawa wata da watanni. An fafe gora ranar tafiya.

A 1999 aka sake sabon lale, aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato. Dokar da ta biyo baya a 2004 ta ce karatun shekara tara, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Dokar ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don wannan aiki. Amma da sharaɗi: jiha ba za ta ɗauki rabonta na gine-gine ba sai ta ajiye nata daidai da shi. Shi ya sa hukumar da ke riƙe da kuɗin a Abuja take ta kokawa shekara da shekaru, cewa ga biliyoyin naira jibge, jihohi da dama ba su kawo nasu ba balle su ɗauka. Kun ji fa. Kuɗin rufin ajin ɗanku yana kwance a banki, shi kuwa yana zaune a rana.

Yau shekara fiye da ashirin da wannan doka. A 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa yara da matasa wajen miliyan 20 ne a Nijeriya ba sa zuwa makaranta, kuma kowa ya san mafi yawansu a Arewa suke. Waɗanda suke zuwa ɗin kuma, kun ga gwajin da muka yi ɗazu.

To, kowa ya yarda akwai ciwo. Wajen magani ne aka rabu kashi uku. Kuna jin muhawararsu a rediyo. Bari in kawo muku maganar kowane ɓangare yadda take, ban rage wa kowa ba, sa'an nan in faɗa muku inda jam'iyyarmu ta tsaya.

MASU CEWA A BAR KOWA YA ZAƁA

Kashi na farko suna cewa makarantar gwamnati ta mutu, a daina wahala. A bar 'yan kasuwa su buɗe makarantun kuɗi, kowane uba ya zaɓi inda zai kai ɗansa. Suka ce makaranta kamar rumfar kasuwa take: mai kaya nagari ya samu ciniki, mai algus ya tashi. Ba a nan kaɗai ake wannan magana ba. A Amurka an daɗe ana ja-in-ja a kanta, a Laberiya kuma a 2016 gwamnati ta miƙa wasu makarantunta ga kamfanoni da ƙungiyoyi su gudanar.

Maganar tana da daɗin ji a birni, inda unguwa ɗaya za ka tarar da makaranta goma. Amma ku gaya mini, a ƙauyenku makaranta nawa ce? Ɗaya. Mai bi mata tana bayan rafi, tafiyar sa'a guda ko fiye, a hanyar da a yanzu babba ma yake bi da addu'a. Bayan abin da ya faru da ɗalibai a Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, wace uwa ce za ta tura 'yarta mai shekara bakwai ta ratsa daji? Ɗan kasuwa kuma ba wawa ba ne, inda kuɗi suke nan yake kafa rumfa. Manomin da ke da 'ya'ya takwas, wanda hatsinsa ba ya kai shi wata damina, buhu nawa zai sayar kowane zango? Wanda aka ajiye wa ƙwarya ɗaya ba a ce masa ya zaɓa.

Ba mu gāba da makarantun kuɗi. Wanda Allah ya hore wa ya kai ɗansa, muddin makarantar tana da rajista kuma ana duba ta. Amma gwamnatin da ta ce da talaka ya je ya zaɓa, sallamarsa ta yi cikin ladabi.

Sai dai akwai darasi guda a nan. Ku dubi Islamiyyar da kuka gina da hannunku, kuka yi mata aikin gayya. Me ya sa malaminta ba ya fashi? Don ku kuka ɗauke shi, kun san gidansu, in bai zo ba da la'asar za a tambaye shi a masallaci da magariba. Me ya sa na firamare yakan yi mako ba a gan shi ba, ba wanda ya ce uffan? Don an nuna muku makarantar ta gwamnati ce, ba taku ba. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

MASU CEWA A KORI MALAMAI

Kashi na biyu suna cewa laifin malamai ne, a yi musu jarrabawa, wanda ya faɗi a sallame shi. An gwada wannan a Jihar Kaduna. A 2017 aka yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, aka sallame su, aka shiga ɗaukar sababbi. Ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki a watan Janairu na 2018. A 2022 aka sake sallamar 2,357, wasu don sun faɗi sabuwar jarrabawa, wasu don sun ƙi zama.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai gaskiya a maganarsu. Na zauna ofis ɗaya da wanda ba ya iya cike rajistar ajinsa sai an taimake shi. Wanda bai iya karatu ba, ba zai koya wa ɗan wani karatu ba, ko da ɗan'uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya ɗauke shi aiki? Shi ya ɗauki kansa? Kun sani, na sani: da 'yar takarda ya zo daga wani babba. An mayar da aikin koyarwa tukuicin siyasa. Wanda ya yi wa wane yawon kamfe a ba shi aji, ƙanen matar wane a ba shi aji. Har akwai sunayen da ke karɓar albashi, masu su ba su taɓa taka makarantar ba. In an tashi kora sai a kori na ƙasa, a bar mai rubuta 'yar takardar yana nan daram, gobe ya rubuto wata. An share ɗaki ke nan an bar ramin ɓera.

Har ila yau, in ka kori malami ɗan gari ka turo baƙo daga birni, ba ka ba shi ɗakin kwana ba, ba ka ƙara masa ko kwabo ba, wata nawa zai yi? Kafin kaka ya nemo hanyar da za a mayar da shi gida. Aji ya koma ba kowa.

ƘUNGIYAR MALAMAI

Kashi na uku su ne 'yan'uwana malamai da ƙungiyarsu ta NUT, wadda aka kafa tun 1931, kafin a haifi kakannin wasunmu. Na biya kuɗin ƙungiya, na yi yajin aiki, ban kuwa ji kunyar faɗa ba. Suna cewa: ku biya mu tukuna. Suna da hujja. A 1991 aka ɗora nauyin firamare kacokan a wuyan ƙananan hukumomi, albashi ya tsaya cik a wurare da yawa, har sai da aka sake tsari a 1993. Shi ya sa da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, malamai suka ce a yi hattara da albashinsu, kada a koma gidan jiya. A Abuja ma, gindin gwamnati, malaman firamare sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025, a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu tun 2024. In haka ta faru a babban birni, ina ga ƙauyen da mota ba ta shiga da damina?

Malamin da ya baro gida ba a ɗora tukunya ba, mai shago yana binsa bashi, ba zai tsaya a aji ba. Acaɓa zai tafi, ko ƙwadago a gonar wani. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Addininmu kuma, na Musulmi da na Kirista, ya hana a riƙe haƙƙin wanda ya yi aiki.

Amma ina da magana da ƙungiyarmu ta dā, cikin girmamawa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In ƙungiya ta tsaya wa malamin da aka zalunta, ta yi aikinta. In ta tsaya wa wanda ba ya zuwa aiki, ta zalunci yara tasa'in, ta kuma zubar da mutuncin malamai nagari da suka fi yawa. Duk ranar da aka rufe makaranta, 'ya'yan manya suna can makarantun kuɗi suna karatu. Ɗan talaka ne ke zaune a gida.

INDA MUKA TSAYA

Kun ji ɓangarori uku. Kowa ya riƙe ƙafa ɗaya ta gaskiya ya ce shi ke da saniyar. Abin da ya haɗa su kuwa shi ne, ba wanda ya tambaye ku. Ana ta shawara a kan 'ya'yanku a otal-otal na birni, ku da kuka haife su kuna ji a rediyo.

Matsayin jam'iyyarmu gajere ne, kowa zai iya haddace shi: a biya malam haƙƙinsa, a koya masa aikinsa, sa'an nan a tambaye shi a gaban iyayen yara. Biya, horo, hisabi. In aka tsallake na farko, zalunci ne. In aka tsallake na ƙarshe, sakaci ne.

Da wane mudu za a auna? Ba da fenti ba. Mun gaji da ganin an shafa wa aji biyu fenti, an kafa allo da sunan ɗan kwangila, an kirawo 'yan jarida. Mudunmu shi ne yaro. Duk yaron da ya gama aji uku ya iya karanta wasiƙa da harshen gidansu, ya rubuta amsa, ya yi lissafin cinikin kasuwa ba a cuce shi ba. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ce a koyar da yaran firamare da harshen uwa, a 2025 kuma ta janye. Su dai suna ta juyawa. Mu abin da muka gani a aji shi ne, yaron da ya fara iya karatu da harshen da yake ji, shi ne Turanci yake yi wa sauƙi daga baya.

ALKAWARINMU

In kuka ba 'yan takararmu na Gwamna da na Majalisar Jiha ƙuri'unku, ga abin da muka ɗauka:

1. Albashin malamin firamare shi za a fara cirewa kafin kowane kashe kuɗi, ya shiga asusunsa kafin wata ya mutu. Za mu kai wannan gaban Majalisar Jiha ya zama doka, don kada ya zama alfarmar wani.

2. Ba sauran ɗaukar malami da 'yar takarda. Mai shaidar NCE da rajistar hukumar malamai ya zauna jarrabawa a fili, a liƙa sunaye da maki a sakatariyar ƙaramar hukuma. 'Yan gari za a fara dubawa, musamman mata, don iyaye sun fi sakin jiki su tura 'ya mace inda akwai malama.

3. Za a gwada malaman da ke bakin aiki, amma tare da ƙungiyarsu za a tsara gwajin. Wanda ya gaza a ba shi horo lokacin hutu, ya sake zama. In ya sake gazawa ya bar aji, a ba shi haƙƙinsa cif-cif, ba wulaƙanci. Wanda ya sa hannu aka ɗauki malamin bogi kuwa, shi ma ya amsa tambaya.

4. Kwamitin makaranta na iyaye, wanda yake a takarda kawai a yawancin ƙauyuka, zai samu haƙori. Mai gari, liman, iyaye maza da mata su duba rajistar zuwan malamai kowane wata su sa hannu. Duk kuɗin gyara da aka turo a faɗi adadinsu a ƙofar mai gari, kowa ya ji.

5. Ƙarshen kowane zango a yi ranar karatu. Yara su tashi su yi karatu a gaban iyayensu, kamar yadda ake yi a saukar Alƙur'ani. Uban da bai yi boko ba ma yana da kunne. Gani ya kori ji.

6. Malamin da ya yarda ya zauna a ƙauye zai samu ƙarin alawus da ɗakin kwana kusa da makaranta.

7. Kuɗin da jiha za ta ajiye don ta karɓo rabonta daga Abuja, za a sa su a kasafin kowace shekara a kuma biya su da wuri.

8. Makarantun allo ba za a taɓa su da ƙarfi ba. Makarantun tsangaya na zamani da aka fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012, da yawansu sun lalace don an gina an watsar. Mu da alarammomi za mu zauna, a kai musu malamin karatu da lissafi a lokacin da suka yarda.

NAKU RABON

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba zan yi muku daɗin baki don ina neman ƙuri'a ba. Na sha shiga aji ranar kasuwa in tarar da rabin yara ba su zo ba. Na sha ganin yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa, wadda ta fi mazan ajin duka, an cire ta an ɗora mata farantin talla. Iyayena mata, ku da kuke kuka in an je asibiti ba a samu ma'aikaciya mace ba, daga ina za ta fito in ba daga ɗakunanku ba? In gwamnati ta cika nata, ku ma sai ku cika naku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na san abin da wani dattijo yake faɗa a ransa yanzu: yaro, mun ji irin wannan tun kafin a haife ka. Gaskiyarka, Baba. Shi ya sa ba mu ce ku yarda da mu don mun iya magana ba. Mun rubuta, mun sa lamba ɗaya zuwa takwas. Ku ninke wannan takarda ku adana ta inda kuke adana takardar gona. In mun ci zaɓe, bayan shekara guda ku fito da ita, ku kira wakilinmu ƙofar mai gari, ku bi ta ɗaya bayan ɗaya. In mun saɓa, ƙuri'ar da ta hau da mu ita za ta sauke mu.

Duk ɗan takarar da ya zo garinku, namu ko na wasu, kada ku bar shi ya tsaya a kan atamfa da sabulu da taliya. Ku yi masa tambaya uku. Yaushe rabon da a biya malamanmu a kan kari? Wa ya ɗauki malaman da ke makarantarmu? 'Ya'yanka a wace makaranta suke? Taliya kwana ɗaya take yi a ciki. Jahilcin yaro kuwa har jikokinsa sai sun ɗanɗana.

Ranar zaɓe ku yi sammako da katinku, maza da mata. Ku dangwala wa jam'iyyarmu, ku tsaya a rumfa har a ƙirga a gabanku. Burinmu shi ne, in zaɓe na gaba ya zagayo, takarda irin wannan ba sai an nemo wani daga nesa ya karanta muku ba. Yaron nan da ya sunkuyar da kai ɗazu, shi zai karanta muku ita, da murya sama.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya. Amin.